Yadda Wufa Biyu Suka Raba Ni Da Aminina

Edita, a shekarun da abin nan ya faru ni saurayi ne mai shekara ashirin da bakwai, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar jiha da ke Jimeta, kuma ɗan fari a gidan wani Modibbo a cikin tsohon garin Yola. Ba na shan taba, ban taɓa kusantar giya ba, ba a taɓa kai ƙarata wurin mai unguwa ba, don haka kallon mutumin kirki nake yi wa kaina. Ciwona ɗaya ne, son ƙarar kiɗa a mota. Ina da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano da fentinta ya fara ɓarewa, amma but ɗinta cike yake da akwatin katako mai ɗauke da wufa biyu, manyan sifikun nan masu fitar da dumu-dumun kiɗa, ga kuma amfilifaya da ke ba su ƙarfi. In na kunna, madubin tsakiya rawa yake yi, lambar bayan mota tana karkarwa, mutum ya ji abin a ƙirjinsa tun kafin ya ji a kunne. Duk abokin da zai yi aure, motata ce a gaban jerin rakiyar amarya, ni kuwa kai ya yi ta kumbura. Na rubuto ne don in faɗi yadda wannan wauta ta sa na ɓata sunan mutumin da ya fi kowa riƙon amana a cikin waɗanda na sani, har na raba shi da sana'arsa.

Mutumin nan shi ya haɗa mini kayan kiɗan da hannunsa. Ajinmu ɗaya a sakandare. Iyayensa Kiristoci ne daga kudancin Adamawa da suka daɗe a unguwar Luggere ta Jimeta, mahaifinsa malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Na ci shinkafar Kirsimeti a gidansu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, shi kuma duk Babbar Sallah akwai cinyar ragon da ake ware masa a gidanmu. Da muka gama makaranta ni na bi aikin gwamnati, shi ya koyi aikin wayar mota, rewaya kamar yadda ake ce musu, ya buɗe rumfarsa a wani layin makanikai da ke bakin Luggere. Hamma yake kirana, yadda ƙannena suke kirana, ni kuma in ce masa Injiniya don tsokana. A wannan sana'a suna shi ne jari. Mutum zai ajiye maka motarsa da makulli da duk abin da ke ciki ya tafi wurin aiki, ba shaida, ba takarda. Ranar da aka ce hannunka ba shi da tsarki, to ka gama, ko da ka fi kowa iyawa. Shi kuwa har matan manyan ma'aikata kan bar jakunkunansu a mota a rumfarsa su je kasuwa hankali kwance.

Sai na faɗi yadda gidanmu yake kafin a gane sauran labarin. A wurinmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba, haka ma Dada, mahaifiyata. In Baba zai yi magana a kaina sai ya ce wancan, ko mai motar nan. Ba ya zama da ni ya yi hira, ba ya yi mini faɗa ido da ido, ba ya kuma yaba mini. Duk saƙon da zai zo mini daga gare shi ta bakin Goggo yake biyowa, ƙanwarsa da ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Baba yana karantar da manyan ɗalibai a zaure daga bayan la'asar zuwa magariba, daidai lokacin da nake dawowa daga aiki. A ganina ina rage ƙara in na shigo lungunmu, amma abin da nake kira ragewa ya isa ya tashi mai barci. Sau biyu Goggo ta yi mini hannunka mai sanda. Rannan ta ce kwanon rufin ɗakinta ya koyi rawa da tsufansa. Wani karon ta ce tsohon da ke maƙwabtaka da mu, wanda ke fama da ciwon zuciya, yana tambaya ko tsawa ake yi ba hadari. Na yi dariya, na ba ta goro, na rage na kwana biyu, na koma ruwa.

Wata Litinin gilashin ƙofar direba ya ƙi sauka, ga zafin Yola da ba ya jin roƙo. Na kai motar rumfar Injiniya da safe, na hau keke napep na tafi ofis, na dawo bayan an tashi. Gilashi ya gyaru. Na kama hanyar Yola, na sa waƙar da na saba gwada kayana da ita, na murɗa. Muryar mawaƙi na fita tas, ƙananan sifiku na aikinsu, amma dumun nan da ke dukan ƙirji babu shi, sai wani ɗan gunaguni kamar ana buga ganga a ƙarƙashin bargo. Na ƙara murɗawa har ƙananan sifikun suka fara tsagewa, madubi ko motsi bai yi ba. Na tsaya a gefen titi na buɗe but. Fitilar amfilifaya na ci, kore shar. Wufa biyun suna ta motsi da ƙarfi, suna shiga suna fita, na ɗora hannu na ji suna bugawa, amma da na ja da baya taku uku sai ka ce ba a kunna komai ba. Na tsaya ina kallon abin, gumi na zuba, ban gane komai ba.

Washegari na koma masa. A nan ne zuciyata ta fara ƙullawa. Mutumin da in na ce masa ƙara ta ɗan canja sai ya ajiye aikin da ke hannunsa ya shige but har ƙafafunsa kawai ake gani, ranar ko sukundireba bai ɗauko ba. Ya leƙa, ya taɓa wata waya, ya ce komai na aiki. Na ce masa ni ba kurma ba ne. Ya ce kaya in sun daɗe haka suke yi, in bar su haka, kunne ma yana son hutu. Duk maganar nan idonsa na kan tayar mota, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na san shi shekara goma sha biyar, na san ba ya iya ƙarya, in ya gwada sai ya riƙa shafa ƙeya. Ranar ƙeyarsa ta sha shafa. Na ja motata na tafi ban yi masa sallama ba, ina cewa a raina ruwa ba ya tsami banza.

A ƙarshen makon aka yi auren wani abokin aikina. Akwai wani ɗan kasuwa a Jimeta da ya daɗe yana gasa da ni a harkar kiɗan mota, shi ma Injiniya ne ke yi masa aiki. Ranar motarsa ta danne tawa, tun daga gidan amarya har gidan ango ba a jin komai sai tasa. Abokai suka sa ni a gaba da tsiya, wani ya ce motata ta kamu da mura, wani ya ce ta tuba ta shiga makarantar Baba. Na yi yaƙe kawai. Sai wani daga cikinsu ya raɗa mini cewa ya ga motar ɗan kasuwan a rumfar Injiniya a satin da na kai tawa. Na ce lallai biri ya yi kama da mutum. Kafin in kai gida na gama yanke hukunci: ya cire amfilifayata mai kyau ya sa wa abokin gasata, ni kuma ya maƙala mini jabu. Na kwance amfilifayar da ke motar na juya bayanta, sai ga ɗan karcen da na yi mata da ƙusa tun ranar da na saya yana nan. Mai hankali da nan ya tsaya ya sake tunani. Ni sai na ce ai kwanon ne nawa, hanjin cikin ya sauya.

Daga nan na shiga yawon rumfuna, ina guje wa layinsu don kada ya gan ni. Na farko ya sa mita ya ce batir ya yi sanyi, na sauya batir, ba abin da ya canja. Na biyu ya ce altaneta ba ta caji yadda ya kamata, aka kwance aka gwada, lafiyarta lau. Na uku ya duba fiyus, ya kankare tsatsar wurin da ake ɗaure baƙar waya a jikin ƙarfen mota, ya sa mini waya mai kauri daga batir har but, ya ce yanzu zan ji bambanci. Ban ji ba. Wani ya bi maɓallan amfilifaya ɗaya bayan ɗaya, na ƙarfi da na tace sauti, ya sauya wayoyin da ke kawo kiɗa daga rediyo, ya shiga saitin rediyon ya fita. Har wani ya ɗauko tasa amfilifayar sabuwa fil ya jona mini don gwaji, sauti ya fito a shaƙe kamar da. Wannan ya isa ya nuna mini ba a taɓa amfilifayata ba, amma zato in ya kama mutum ba ya barinsa ya ga abin da ke gabansa. Kowane gwaji da ya wanke Injiniya, sai in ce wayonsa ne ya kai. Na daina amsa gaisuwarsa a waya. Har mahaifiyarsa ta aiko a tambaya ko lafiya aka daina ganina, na ce aiki ne ya yi yawa.

Bayan kusan wata guda wani ya kwatanta mini wani dattijo a Girei, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, da ke gyaran kayan sauti a gidansa in ya taso aiki. Na haye gada na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ya saurari duk abin da aka yi, bai katse ni ba. Ya sa na kunna, ya tsaya yana kallon wufa biyun suna motsi, ya ce in kashe. Sai ya cire wayoyin da suka shiga akwatin, ya shiga gida ya ɗauko ƙaramin batirin tocila, ya taɓa su da shi. Da idona na ga wufa ɗaya ta turo waje, ɗayar ta shige ciki. Ya sake taɓawa, haka dai. Ya ce mini ga ciwon nan: ɗaya na tura iska, ɗaya na janye ta, aikin da wannan ta yi waccan na rushewa, shi ya sa suke wahala a banza ba a jin komai. Ya kwance wufa ta dama, sai ga jar waya a mazaunin baƙa, baƙa a mazaunin ja, an like su da dalma tsaf, an naɗe da sabon salatif. Ya nuna mini tabon tsohuwar dalma a inda kowace take da. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, kuma ba aikin ɗan koyo ba ne, wanda ya yi ya san abin da yake yi. Cikin minti goma ya mayar da su.

Kada in ɓoye maka, Edita, daɗi na ji. Ba daɗin gyaran kaɗai ba, daɗin cewa zatona ya tabbata. Na baro Girei da ƙarar da ban taɓa sakewa ba, na ratsa Jimeta, na shiga Yola daidai bayan la'asar, ban rage ko ɗigo ba har ƙofar gida. Na ga ɗaliban Baba sun ɗago kai daga littattafansu, na ga wani ya dubi wani. Baba bai ɗago ba. Na wuce ciki ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Da safe ban je ofis ba, na zarce wurin shugaban masu sana'ar layin nasu, wani tsohon makanike mai furfura da kowa ke jin maganarsa. Na kai ƙara. Aka tara manyan layin a rumfarsa, aka kira Injiniya, ya zo yana goge hannu da tsumma. Na zazzage komai, har da abin da ban gani ba. Na ce an saye shi ne don a kunyata ni a gaban jama'a, na ce wanda ya iya buɗe akwatin amininsa ya juya waya, me zai hana shi zuƙe man motar baƙo ko sauya masa batir. Na ga maganar ta shiga mutane, domin kowa a wurin da amana yake ci. Shugaban ya tambaye shi ko shi ya yi. Na zaci zai musa, na ma shirya kiran dattijon Girei a waya. Sai ya ce:

"Ni na yi, Oga. Ba wanda ya biya ni. Amma dalilin ba zai fito a bakina ba."

Aka yi juyin duniya, ya ƙi ƙara ko kalma. Shugaban ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce masa shirun nan shi zai kashe shi. Wani ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shi dai yana tsaye, kansa a ƙasa. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, wani irin kallo mai kama da roƙo, ni kuwa na ɗauke kai. Aka yanke cewa ya rufe rumfarsa wata biyu, kuma a sanar da duk layin dalili.

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Ban tsaya ba. Na ba da labarin a ofis, na ba da shi a majalisarmu, na ba da shi a wurin mai shayi, kowane karo ina ƙara masa gishiri. Magana zarar bunu ce. Kafin wata biyun su cika, labarin ya zama wai yana lalata motocin mutane da gangan don su dawo gyara, wasu ma suka ce an kama shi da kayan sata. Aka laƙaba masa mai juya waya. Da ya buɗe rumfar, na ji an ce yakan wuni a kan benci ba motar da ta tsaya. Waɗanda suka saba barin jaka a mota suka koma wucewa ta gabansa zuwa rumfar gaba. Ban ji tausayinsa ba. Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Gidanmu ba su san komai ba, don Baba ba ya shiga Jimeta sai da dalili, ni kuma ba na kawo hirar waje cikin gida. Sai da Babbar Sallah ta zo. Ana rabon nama Goggo ta ware cinya ta ce a kai Luggere kamar kullum. Na ce a mayar da ita cikin kaso, ba ni ba wannan maci amanar. Ta tambayi abin da ya faru, na ba ta labari daga farko har ƙarshe, ina alfahari da yadda na kama shi. Ina cikin magana na ga wuƙar hannunta ta tsaya. Ta tambaye ni sau biyu ko da gaske bai faɗi dalili ba, na ce ai ba shi da abin faɗa. Ta yi salati a hankali, ta wanke hannu, ta nufi ɗakin Baba. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta dube ni ba, ta ce bayan an gama hidimar Sallah in wanke mota, mahaifina zai je Jimeta, kuma ni zan kai shi.

Ban taɓa tuƙa Baba mu biyu kaɗai ba sai ranar. Ya zauna a baya da sandarsa, Goggo ce ta faɗa mini inda za mu tun a gida: layin makanikai na Luggere. Muka isa. Mutanen layin suka miƙe da suka ga dattijo mai rawani ya sauko a tsakiyar baƙin mai da tsofaffin tayoyi, shugaban ya share masa benci da hularsa. Rumfar Injiniya na rufe da kwaɗo. Baba ya nemi a tara waɗanda suka yi zaman farko. Da suka taru, ya fuskanci shugaban, ya ba ni baya, ya yi magana da Hausarsa ta Fulanin Yola, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ya ce shi ne ya sa yaron, wato Injiniya, ya yi abin da ya yi. Ya ce maƙwabta sun yi ta zuwa masa da kuka a kan ƙarar motar wancan, har iyalan maras lafiyar da ke jikin katangarmu, ɗalibansa kuma ba sa jin karatu. Ya aika a faɗa, ba a ji ba. Ya san in ya buɗe baki ya hana, za a bari, amma don tsoro, rai na ciki, kuma gari zai ji cewa Modibbo ya tsawata wa babban ɗansa. Ya so abin ya mutu da kansa ba tare da an kunyata kowa ba. Shi ya sa ranar da ya ji an kai motar gyara ya hau keke napep shi kaɗai ya zo nan, ya roƙi yaron ya rage wa abin ƙarfi ta yadda ba za a gane ba. Yaron ya ƙi da farko, ya ce bai taɓa yi wa motar mutum abin da mai ita bai sani ba. Baba ya ce sai da ya riƙe hannunsa ya ce masa shi ma ɗansa ne, ya kuma karɓi alkawarinsa cewa maganar ba za ta fita ba. Sannan ya ce:

"Kayan da ya kamata in ɗauka da kaina na ɗora wa ɗan mutane. Laifin nawa ne. Ku mayar masa da sunansa."

Mutumin da bai taɓa zancena a gaban mutum biyu ba, ga shi yana tone cikinsa a gaban makanikai saboda ni. Ba wanda ya zage ni a wurin, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Shugaban ya ce sun ji, za su sanar, amma yaron ya kwashe kayan aikinsa sati biyu da suka wuce, ya koma garin Ngurore wurin dangin matarsa. Na mayar da Baba gida.

A ranar na kama hanyar Ngurore. Na yi ta tambaya har aka nuna mini shi a bakin wata gonar rani, ya tsuguna a kan injin ban ruwa, hannu duk laka. Ya rame. Da ya gan ni ya miƙe ya ce Hamma, sannu da zuwa, kamar jiya muka rabu, ya tambayi Baba da Dada da Goggo. Na faɗa masa Baba ya je layin ya faɗi komai. Sai na ga ransa ya ɓaci a karon farko, ya ce bai kamata a bar tsoho ya je wurin nan ba. Na tambaye shi don me bai ja ni gefe ya raɗa mini ba, ko bayan zaman ne, ni kaɗai. Ya ce:

"Baba ya riƙe hannuna, Hamma. In na faɗa, shi zai ji kunya, kai ma za ka ji. Na ɗauka za ka ce abokina ba zai yi mini haka a banza ba, ka zo ka zauna mu yi shiru tare. Shi nake jira."

Na durƙusa a cikin lakar nan na roƙe shi gafara, ina kuka kamar ba namiji ba. Ya ɗaga ni, ya ce ya yafe tun kafin in zo. Na ce ya dawo, zan bi ofis-ofis da majalisa-majalisa in warware abin da na ƙulla. Ya girgiza kai. Ya ce waɗanda suka ji na farkon sun fi waɗanda za su ji na biyun yawa, kuma shi ba zai iya sake zama a benci yana kallon idon mai mota ko ya yarda da shi ba. Na bi wuraren kamar yadda na ce. Gaskiyarsa ne. Wasu suka ce Allah Sarki suka wuce, wasu suka ce ai dattijo rufa masa asiri ya yi. Har bara na ji wani direba da bai san ni ba yana ba da labarin mai juya waya na Luggere, da na ce masa ƙarya ne sai ya tambaye ni ko ina wurin.

Yau shekaru sun ja. Yana nan a Ngurore yana gyaran injinan ban ruwa, mutumin da a da manyan motocin Jimeta ke layi a ƙofarsa. Muna gaisawa, ya zo ta'aziyyar Baba ya wuni tare da mu. Amma tun daga ranar bai sake taɓa motata ba, ko fitila ce ta mutu sai ya kwatanta mini wani, ni kuma ban da bakin tambayar dalili. Abin da na koya shi ne, na yi wata guda ina bin waya ɗaya bayan ɗaya don in gano inda ƙara ta tafi, ban ba mutumin da na sani shekara goma sha biyar ko yini ɗaya na kyakkyawan zato ba. Hujjata gaskiya ce, shi ya juya wayar, amma sanin wanda ya yi abu daban, sanin dalilinsa daban. Ina jan kunnen matasa masu abin hawa: in manya suka yi muku magana a kaikaice, ku ji, kada ku tura su bin hanyar da za ta cutar da wani. Iyaye kuma, kunya ado ce, amma in magana ta zama dole a faɗe ta ga mai ita. Wanda duk amininsa ya yi masa abin da bai gane ba, ya kuma yi shiru, to ya je ya zauna da shi kafin ya je wurin shugaba ko majalisa. Ni sai da na gama yaɗawa na tambaya, kuma har yau akwai mutanen da ban san su ba da ke kiran mutumin kirki ɓarawo da bakina.